Kada Mu Raina Mutanen Kan Dutse

Yara, ƙasarmu ta Daura shimfiɗaɗɗiya ce, ga rairayi, ga sarari. In ka tashi daga Daura za ka Zango ko Mai'aduwa, ba wani babban dutse da zai tare maka hanya. Saboda haka in mun ji labarin mutanen da ke zaune a bisa duwatsu, sai waɗansunmu su yi dariya, su ce ƙauyawa ne marasa wayo. Ni kuwa ina ganin wannan kuskure ne babba.

Bari in ba ku labarin Sukur. Wani tsohon gari ne a kan duwatsun Mandara, a ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Sarkinsu ana ce da shi Hidi. Inda suke ba fili, sai gangare da tsakuwa. To, yaya suke noma? Sai su jera duwatsu hawa hawa kamar matakala, duwatsun su tare ƙasa da ruwan sama, sa'an nan su shuka dawa. Sun kuma shimfiɗe hanyoyinsu da dutse. A zamanin da sukan narka tama su fid da ƙarfe, har maƙwabta su zo saye. Ashe wanda ya sa dutse ya ba shi abinci, a ce masa marar wayo?

A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne kuwa na fari a Nijeriya. Amma sun sha wuya. A da mahara sun kama waɗansunsu bayi, a 2014 kuma 'yan Boko Haram suka ƙone musu gidaje.

Wani zai ce, "Ai harshensu dabam, al'adarsu dabam." Gaskiya ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma masanan harsuna sun bincika, sun tarar harshen Sukur da Hausa dangi ne, tushensu ɗaya. Ku tuna kuma Kano da girmanta a gindin dutsen Dala ta soma. Bayajidda ma, bisa ga labarin kakanninmu, baƙo ne ya zo Daura, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Da mutanen Daurama sun kore shi don baƙuntarsa, wa zai ba su ruwa?

Saboda haka, in Allah ya haɗa ka aji ɗaya da yaron da ya fito daga kan dutse, kada ka yi masa ba'a don Hausarsa ba ta nuna ba. Matsa masa wuri, ka tambaye shi labarin garinsu. Shi ya koyi harshenka, kai kuwa ko gaisuwa ba ka iya da nasa ba. To, tsakaninku wa ya kamata ya ji kunya?