Kufan Kanawa: A kare ƙasar kafin shaidar ta salwanta

A jihar Damagaram akwai wani tsohon kufai da ake kira Kufan Kanawa, wanda ganuwa mai tsawon kusan kilomita 6 ta kewaye. Labarin kaka da kakanni na cewa daga nan ne Kanawa suka tashi suka koma inda suke a yau. Masaniyar kayan tarihi Anne Haour ta yi tono a wurin, ta fitar da sakamakon aikinta a 2003, kuma bincike ya nuna an zauna a garin tsakanin wajen shekarar 1300 zuwa 1650. A Kano kuwa, an samu shaidar narka ƙarfe a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Ke nan akwai mutane a Dala tun kafin wannan lokaci. To mece ce ainihin alaƙar garuruwan biyu? Amsar na binne a ƙasa, kuma za ta tsira ne kawai idan an bar ƙasar yadda take.

Dalili shi ne ƙasar kufai hawa-hawa take. Kowane zamani yana barin tokarsa, tsingaronsa da ƙasusuwan dabbobin da ya ci, na baya ya zo ya rufe su. Abin da ke can ƙasa ya girmi na sama. Shi ya sa masu bincike ke tono a hankali, suna auna zurfi, suna rubuta inda aka tsinci kowane abu. Gawayin da aka samu a wani hawa shi ake kai wa ɗakin gwaji a auna shekarunsa, daga nan a san shekarun tukunyar da ke kusa da shi. Wanda ya zo da diga ya ciro tukunyar, ya samu abin sayarwa, amma ya cakuɗa hawan da ba mai iya mayar da su.

Nijar ta riga ta ga wannan asara. An gano makabartar Bura da ke jihar Tillaberi a 1975, Boubé Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya tona ta a 1983. Bayan an baje kolin kayan a Faransa cikin shekarun 1990, sai masu haƙar sata suka afka wa yankin, har hukumar gidajen tarihi ta duniya ICOM ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2000. Dokar kare kayan gado ta 30 ga Yunin 1997 tana nan, amma doka a takarda ba ta gadin kufai.

Don haka muna kira ga ma'aikatar al'adu da hukumomin jiha su shata iyakar Kufan Kanawa, su ɗauki masu gadi daga ƙauyukan da ke kewaye, su zauna da manoma da makiyaya a daidaita kan amfani da filin. Jami'ar André Salifou ta Damagaram ta dace ta horar da ɗalibanta aikin tono da adana abin da aka samu. Fadar Sarkin Damagaram, wadda ita da unguwar Birni ke jerin jiran UNESCO tun 2006, tana da muryar da talakawa ke saurare.

Matasa da 'yan uwanmu mazauna ƙetare su ma suna da nasu kason. Kada ku sayi tsohuwar tukunya ko mutum-mutumin da ba a san asalinsa ba, domin kuɗin mai saye ne ke tura mai diga daji. Wanda ya ci karo da wani abu a gona ya ɗauki hoto, ya bar shi a inda yake, ya sanar da mai gari da hukuma.