Maganin Borin Jini: A Gwada Shi, Amma Kada a Ɓata Ruwa

Duk wanda ya san Damari da ƙauyukan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ya san halin da ake shiga in hunturu ya kama, ga ƙurar sussukar masara. Atishawa da ƙaiƙayin ido da borin jini su addabi jama'a, sai a nufi kemis a sayi Piriton ko ruwan promethazine. Amma wa ya tabbatar cewa abin da ke cikin kwalbar shi ne aka rubuta a bayanta?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. A shekarar 2022 yara kimanin 70 suka rasu a ƙasar Gambiya bayan shan magungunan ruwa guda huɗu, ɗaya daga cikinsu promethazine ne, waɗanda aka samu gubar diethylene glycol a cikinsu. Ita wannan gubar ce ta halaka yara fiye da 80 a Nijeriya a 2008 da 2009. Saboda haka gwajin magani wajibi ne, kuma shi ne babban aikin hukumar NAFDAC tun kafa ta a 1993.

Sai dai shi kansa gwajin yana da nasa illar. Na'urar da aka fi dogaro da ita, wato HPLC, tana rarrabe sinadaran magani ne da ruwan methanol ko acetonitrile. Na farko yana makantarwa, na biyu kuwa yakan rikiɗe ya zama gubar cyanide a jikin mutum. Na'ura ɗaya mai tura mililita 1 a minti guda za ta tara kusan rabin lita a aikin awa 8. In aka tuttular da wannan a kwata, lalle an kare mai shan magani, an kuma cutar da mai shan ruwa.

Alhali akwai mafita. Tun 1998 Paul Anastas da John Warner suka shimfiɗa ƙa'idoji 12 na sarrafa sinadarai ba tare da ɓata muhalli ba. A kan wannan tafarki masana suka nuna ana iya musanya waɗancan ruwaye da ethanol, ko a auna wasu magungunan da haske bayan an narkar da su a ruwa. Haka nan na'urar hannu ta TruScan tana tantance ƙwaya da hasken leza ba tare da an zuba komai ba.

Wani zai ce talaka ingancin magani yake nema, ba zancen muhalli ba. Amsa ita ce, acetonitrile daga waje ake sayo shi da tsada. Gwajin da ya rage shi ya fi araha, kuma mai araha ne zai iya isa kemis ɗin ƙauye.

Don haka muna kira ga NAFDAC da masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su ba wannan fanni muhimmanci. Mu kuma mu duba lambar rajista da ranar lalacewa kafin mu saya. Rai amana ne, ruwa ma amana ne. Allah Ya ba mu ikon kiyayewa.