Maganin Ciwon Gaɓɓai: Kada A Gyara Gwiwa A Ɓata Ciki

Duk wanda ya saba cin kasuwannin Tasawa da Mayahi, ko na ƙauyuka irin su Maijirgi, Korgom, Urafan da Kanambakashe, ya san abin da za mu faɗa ba baƙo ba ne. Uwa ce ta tashi tun asuba, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta ɗora kwando a ka, ta zo ta durƙusa gaban kaskon ƙosai ko kwanon awo har rana ta karkata. Gwiwa na suka, ƙugu ya riƙe, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. Sai ga mai tallan magani da tirensa. Ta miƙa masa dala goma ko ashirin, ya ƙulla mata ƙwayoyi uku ko huɗu a leda, babu suna, babu takarda. Ta haɗiye da ruwan sanyi, sau da yawa ko karin kumallo ba ta yi ba. Cikin sa'a guda ciwo ya lafa, ta ci gaba da ciniki. Gobe ma haka, jibi ma haka, har shekara ta zagayo.

Mun ga ya dace mu yi magana a kan wannan al'amari ne saboda maganin da ke sauƙaƙa wa gwiwa shi ne kuma ke cin ciki a ɓoye, kuma akwai hanyar kauce wa hakan wadda yawancin masu sha ba a taɓa gaya musu ba.

Ciwon gaɓɓai, wanda wasu ke kira amosani, wasu sanyin ƙashi, iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne na zaizayewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, saboda shekaru, ɗaukar kaya masu nauyi, yawan durƙuso ko ƙiba. Ƙwayoyi ba sa mayar da guringuntsin da ya cinye, zafi da kumburi kawai suke ragewa. Wannan ne ya sa mai ciwon ke komawa gare su kullum. Ƙwayoyin da aka fi sha kuwa su ne diclofenac, ibuprofen, piroxicam, indometacin, naproxen da aspirin. Sunayensu daban, launinsu daban, amma duk 'yan gida ɗaya ne, kuma aikinsu iri ɗaya ne.

Ga yadda abin yake. Jiki na sarrafa wasu sinadarai da likitoci ke kira prostaglandin. Su ne ke kawo zafi da kumburi a gaɓar da ta samu matsala. Su ɗin ne kuma ke sa tumbi ya fitar da yauƙin da ke lulluɓe bangonsa, ya kare shi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Idan aka sha diclofenac ko ibuprofen, sai su rage waɗannan sinadarai a ko'ina cikin jiki, ba su san gwiwa ba, ba su san tumbi ba. Gwiwa ta samu sauƙi, tumbi ya rasa rigarsa. Ruwan tsami ya fara cin bango a hankali har gyambo ya fito, wato abin da muke kira olsa. Tun da ta cikin jini maganin ke yin wannan aiki, wanda ya ce a yi masa allura maimakon ƙwaya don ya tsare cikinsa, an gudu ne ba a tsira ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne gyambon da waɗannan magunguna ke haifarwa ba kullum yake yin sallama ba. Tun da maganin kashe zafi ne, yana iya ɓoye ciwon cikin da zai ankarar da mutum. Wasu ba sa farga sai ranar da suka ga bayan gidansu ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, yana yauƙi da wari, ko suka yi aman jini, ko aman da ya yi kama da guggubin kofi, ko jiri ya kwashe su, ido da tafin hannu suka yi fari. Wani lokaci gyambon yakan huda tumbi baki ɗaya, ciwo ya taso farat ɗaya, ciki ya sandare kamar katako. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, ya daina shan ƙwayar nan take, a kai shi asibiti a ranar. Jiƙo da kanwa ba sa tsayar da jinin da ke zuba a ciki.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da wanda ya taɓa yin olsa, da mai shan taba ko barasa, da wanda ke shan aspirin ko maganin tsinka jini saboda zuciya. Sai kuma wanda ke haɗa biyu daga gidan nan a lokaci guda, wanda shi ne ainihin abin da ke faruwa da ƙullin leda. Sau da yawa a cikin irin wannan haɗi ana samun dexamethasone ko prednisolone, waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba. Idan suka gamu da diclofenac, ɓarnar da ake yi wa tumbi ƙaruwa take yi. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982 cewa tana haddasa olsa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tana da yawa a ƙasashenmu, kuma wanda ke ɗauke da ita, idan ya ɗora mata waɗannan ƙwayoyi, ya tara wa cikinsa abokan gaba biyu.

To, masana sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma sun samo mata mafita. Wanda dole sai ya daɗe yana shan maganin gaɓɓai, kuma yana cikin masu haɗari, ana haɗa masa da maganin da ke rage ruwan tsamin ciki. Wanda aka fi sani shi ne omeprazole, wanda ya shigo kasuwar duniya a 1988, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yawanci ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 20, a sha da safe kafin a ci abinci, a duk tsawon kwanakin da ake shan na gaɓɓai. Ruwan maganin nan fari da ake sha don ƙwannafi yana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, amma ba ya hana gyambo. Madara ma haka. Shan ƙwaya bayan cin abinci yana rage ƙunar ciki, abu ne mai kyau, amma shi kaɗai bai isa kariya ba.

Kamfanonin magani sun ma haɗa biyun a ƙwaya guda. A Amurka an amince da Arthrotec a 1997, wanda ya ƙunshi diclofenac da misoprostol. A 2010 aka amince da Vimovo, haɗin naproxen da esomeprazole, sannan a 2011 aka amince da Duexis, haɗin ibuprofen da famotidine. Mai karatu zai ce ai shi ke nan, a kawo mana mai haɗin mu huta. A nan ne muke son iyayenmu mata su buɗe kunne da kyau.

Misoprostol ɗin da ke cikin Arthrotec da makamantansa yana kare tumbi, gaskiya ne, amma kuma yana sa mahaifa ta matse. Saboda haka ne ungozomomi a asibitoci ke amfani da shi don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, inda yake ceton rayuka. Idan kuwa mai juna biyu ta sha shi, yana iya jawo ɓari, ko naƙuda kafin lokaci, ko zubar jini mai tsanani, ko lahani ga jaririn. Mace na iya ɗaukar ciki na wata ɗaya ko biyu ba ta sani ba, tana fama da ciwon ƙugu, ta karɓi ƙwayar da mai talla ya ce mata ita ce mai kyau, ba ta taɓa ciki. A yankin da yawancin matan kasuwa ke cikin shekarun haihuwa, irin wannan ƙwaya ba ta da wurin zama a kan tire. Su kansu diclofenac da ibuprofen ba a son mai ciki ta sha su, musamman daga wata na biyar zuwa sama, sai da umarnin likita.

Ra'ayinmu shi ne, ga mutanen Tasawa da Mayahi, hanyar da ta fi sauƙi da aminci ita ce ƙwayoyi biyu daban-daban, na gaɓɓai da na kare ciki, waɗanda ma'aikacin lafiya ya rubuta bayan ya tambayi shekarun mutum, ya auna jininsa, ya san ko mace na da ciki. Haka nan a sani cewa omeprazole tumbi kaɗai yake karewa. Ba ya kare ƙoda, ba ya kare zuciya. Waɗannan ƙwayoyi na gaɓɓai suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna ƙara hawan jini. A zafin bazara, lokacin da mutum ke wuni a rana yana zufa bai sha isasshen ruwa ba, ko a watan azumi, ƙoda na shan wahala ninki biyu. Mai hawan jini, mai ciwon suga da mai ciwon ƙoda ko zuciya kada su kusance su da kansu. Duniya ta ga darasi a 2004, lokacin da kamfanin Merck ya janye Vioxx daga kasuwa. An yi shi ne don ya kashe zafin gaɓɓai ba tare da ya cutar da ciki sosai ba, sai aka gano yana ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Idan maganin da ya bi ta hannun manyan hukumomi ya zo da irin wannan, ina ga ƙullin da ba a san abin da ke cikinsa ba?

Ga kuma matsalar jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Mu a Nijar ba mu manta da 1995 ba, shekarar da aka yi wa dubban mutane allurar sanƙarau ta jabu. Ko maganin gaskiya ne, idan ya wuni a rana kan tire wata da watanni, ƙarfinsa raguwa yake yi. Omeprazole na jabu ya fi rashinsa muni, domin mai sha yana zaton ya tsira alhali cikinsa a buɗe yake.

Ba za mu ɗora wa matan kasuwa laifi su kaɗai ba. Mun san dalilinsu. Mai talla yana zuwa har gaban rumfa, yana sayar da ƙwaya ɗai-ɗai, yana ba da bashi. Zuwa asibiti kuwa na nufin barin kaya, biyan kuɗin mota ko kabu-kabu, da zaman layi. Kiwon lafiya kyauta da gwamnati ta shigo da shi a 2006 ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5 da wasu buƙatun mata masu ciki, bai shafi tsohuwa mai ciwon gwiwa ba. Amma ku 'yan kasuwa ne, kun fi kowa iya lissafi. Ku ɗora asarar ciniki na wuni ɗaya a ma'auni guda, ku ɗora a ɗayan kuɗin ɗaukar mara lafiya daga Tasawa zuwa Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 100, da neman jini, da tiyata, da makonnin da rumfa za ta yi a rufe, jari yana narkewa. Araha ba ta ado.

Don haka muna kira ga masu karatunmu da su fara da paracetamol idan ciwon bai yi tsanani ba, domin ba ya cin tumbi, amma babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a wuni, saboda yawansa na lalata hanta. Ga ciwon gwiwa da yatsu, diclofenac na shafawa yana taimakawa, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. A samu kujera 'yar tsuguno mai ɗan tsayi maimakon durƙuso, a riƙa miƙewa ana taka ƙafa, a raba kaya gida biyu ko a sa a amalanke. Kada a sha ƙwayar da ba ta cikin fakitinta da suna da ranar lalacewa. Wanda ya kai mako guda yana shan maganin zafi kullum, ya je cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, ya tafi da fakitin a hannu, ya tambaya ƙarara ko yana buƙatar maganin kare ciki.

Muna kira ga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda a nan jihar Maraɗi aka fara kafa su a 1991, da masu adashi da sarakunan kasuwa, su gayyaci ma'aikatan lafiya su zo su yi bayani a ranar zubi. Asusun da ke ba da rancen jari zai iya ware wani abu don kuɗin ganin likita. Ma'aikatan asibitocin Tasawa da Mayahi da masu farmasi kuma, muna roƙon su da kada su miƙa maganin gaɓɓai sai sun tambayi mai karɓa shekarunsa, da ko ya taɓa olsa, da ko mace na da ciki. Gidajen rediyon karkara su ba wannan batu lokaci kamar yadda suke ba zazzaɓin cizon sauro.

A ƙarshe muna tunatar da hukumomi cewa Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Lome ta yaƙi da jabun magunguna a Janairun 2020. Kame da ƙona kwalaye a gaban 'yan jarida ba zai wadatar ba muddin maganin gaskiya bai kai ƙauye a farashin da talaka zai iya saye ba. A tabbatar ONPPC na kai paracetamol da omeprazole masu inganci kowace CSI, a kuma tura ma'aikacin lafiya kasuwa ranar da take ci, ya auna jini, ya ba da shawara. Idan aka yi haka, tiren mai talla zai rasa masu saye da kansa. Lafiya uwar jiki, kuma ita ce jarin farko na kowane ɗan kasuwa. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa albarka a nema.