A Ba Ɗalibi Transista a Hannu Kafin a Cika Masa Allo

Akwai ra'ayin da ya yi kaka-gida tsakanin masu koyar da injiniyancin lantarki: wai sabon ɗalibi ba shi da hurumin taɓa transista sai ya haddace yadda elektron ke yawo cikin silikon, ya warware lissafi shafi-shafi. Haɗa waya da narka dalma, a ganinsu, aikin mai gyaran rediyo ne. In ka matsa musu, sai su ce ai babu kayan aiki, gwamnati ba ta saki kuɗi ba. Hujjojin nan biyu duka ba su riƙe ruwa, kuma 'ya'yanmu ne ke kwana ciki.

Mu fara da batun kuɗi. Me ake buƙata don nuna wa yaro aikin transista? Batir mai bolt 9, ƙaramin ƙwan LED, razista biyu, transista BC547 guda, da mitar awo irin wadda kowane mai gyaran waya a babbar kasuwar Sakkwato yake da ita. A sa razista mai om 10,000 a ƙafar da ake kira bes, mai om 470 kuma a jere da ƙwan a ƙafar kolekta. Ɗalibi zai auna da hannunsa ya ga wutar da ba ta kai miliamf 1 ba ta buɗe hanya ga wadda ta kusa miliamf 15, ƙwan ya kama. Kamar ƙofar madatsar Goronyo ce: ƙaramin motsi ke sakin babban ruwa. Ya auna tsakanin bes da ƙafar emita, ya ga kusan bolt 0.7, lambar da ake sa shi haddacewa bai san inda ta fito ba. Wace hukuma ake jira ta amince da wannan?

Illar karatun allo zalla ba ta tsaya ga gundura ba, har kuskure take shukawa. Malam ya rubuta cewa beta, wato yawan ninkin da transista ke yi wa wuta, 100 ne, ɗalibi ya ɗauka wahayi ne. Alhali takardar masana'anta ta BC547 cewa ta yi beta na iya faɗawa ko'ina daga 110 zuwa 800. Ka raba wa aji transista goma, kowa ya auna tasa, a rubuta amsoshin a allo, za a ga sun sha bamban. Daga ranar ɗalibi zai gane dalilin da ya sa injiniyan kirki ba ya jingina zanensa da beta.

Sannan ga zafi, wanda Basakkwace ba ya buƙatar a yi masa bayaninsa. A watan Afrilu awon zafi kan haura digiri 40 a garin nan. Bolt ɗin da ke tsakanin bes da emita yana raguwa da kusan milibolt 2 a kan kowane digiri da ya ƙaru. Transista ta ɗau zafi, ta ƙara jan wuta, ta ƙara zafi, har ta ƙone. Ɗalibin da ya kusantar da ƙarfen dalma ga transista yana kallon awon wutar da take ja na hawa a mita, shi ne zai tambayi malam maganin abin, kuma a lokacin ne razistar emita da lissafinta za su shiga kansa su zauna.

Masu wancan ra'ayi za su ce jami'a ba rumfar gyara ba ce. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a jefar da lissafi. Maganar ita ce wanne ke gaba. Ko a Bell Labs ta Amurka, transistar da John Bardeen da Walter Brattain suka haɗa a Disambar 1947 ta yi aiki a kan tebur kafin a gama fahimtar abin da ke faruwa a cikinta. William Shockley ya biyo da nazarin nasa samfurin a 1948, su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 1956. To ina dalilin hana ɗan shekara 18 farawa daga tebur?

Haka kuma bai kamata a bar nau'in transistar da ake kira MOSFET, wadda Mohamed Atalla ɗan asalin Masar da Dawon Kahng suka ƙirƙira a 1959, ta zama babin ƙarshe da ake tsallakewa in zangon karatu ya ƙure ba. Ita ce a cikin wayar hannu, ita ce kuma ke ƙonewa a inbatar sola da gidaje suka koma dogaro da ita saboda ɗauke wuta. Garin da ke da Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, bai dace ya rasa matasan da za su ƙera inbata mai jure ranarsa ba.

Jiran watannin SIWES, wato horon sanin makamar aiki a masana'antu, kafin yaro ya riƙe mita, an makara. Shugabannin sassa su sa awo a makon farko, su kuma ware maki a jarrabawa ga wanda ya haɗa da'ira ta yi aiki, ya bayyana dalili. Abin da ba a ba maki, ɗalibi ba ya koyonsa.