Yawan 'Yan Amshin Shata Ba Shaida Ba Ne

Sanin kowa ne tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, ciniki a Zangon Kumasi bai taɓa tsayawa a kan komai ba sai amana. Baƙo yakan sauka wurin maigida, maigida ya haɗa shi da dillali, in kuma aka ci amanarsa akwai Sarkin Zango da dattawa da za a kai wa ƙara. Wanda ya tsaya maka mutum ne da aka san ƙofar gidansa.

A yau kuwa, ɗan kasuwar da ke Paga ko Aflao ko Illela yakan ga hoton kaya a Facebook ko TikTok daga wani da ya ce shagonsa na Kejetia ko Alabar, ya duba ya ga mutum dubu sun danna alamar so, ɗaruruwa suna yabo, sai ya tura kuɗi ta waya. Abin tambaya shi ne, su wane ne waɗannan masu yabo?

Idan ba a manta ba, a watan Maris na 2020 gidan talabijin na CNN ya bankaɗo wani gida a wajen Accra inda aka ɗauki matasan Gana aiki, suna buɗe shafukan bogi suna rubutu kamar su mazauna Amurka ne. Facebook ya rufe asusu 49 da shafuka 69 da asusun Instagram 85, Twitter kuma ya rufe 71, aka kuma danganta aikin da wasu mutane a Rasha. Kafin nan, a Mayun 2019, Facebook ya kori kamfanin Archimedes na Isra'ila tare da asusu da shafuka 265 da ke yi wa jama'ar Nijeriya da Nijar da Togo da Senegal shigar burtu a kan siyasa. To, in har ana iya ƙera jama'ar ƙarya don karkatar da zaɓen ƙasa, ƙera ta don sayar da buhun albasar da babu shi ai wasan yara ne. Mutum ɗaya mai wayoyi goma zai iya zama taron jama'a, ya ɗaga nasa, ya kuma yi wa abokin hamayyarsa taron dangi da ƙorafi har a rufe masa shafi.

A nan ne matsala ta biyu take. Galibi ba mutum ne ke fara duba irin wannan ƙorafi ba, na'ura ce. Ita kuwa na'urar an fi horar da ita da Turanci, balle a zo ga Hausar Zango da ke gauraye da Tiwi. Ba ta san habaici ba, ba ta bambanta wasan tobassai da zagi. Sai mai gaskiya ya wayi gari an toshe shi, macuci kuma yana ta sheƙe ayarsa. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin 100 na abin da kamfanin ya ware don tantance labaran ƙarya Amurka ya tafi, sauran duniya ta raba kashi 13. A Janairun 2025 kuma kamfanin Meta ya sanar da sallamar masu tantance gaskiyar labari a Amurka, ya koma ga tsarin da masu amfani da shafin ke jefa ƙuri'a a kan abin da ke gaskiya. Duk inda ƙuri'a ta zama alƙali kuwa, masu sayenta ba sa nisa.

A namu ra'ayin, gyara daga gida zai fara. Kada ɗan kasuwa ya yi cinikin biri a sama don ya ga yawan mabiya. Ya nemi wanda ya sani a Aboabo ko Asawase ya taka ya ga shagon da idonsa, domin gani ya kori ji. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙe rajistar mambobinsu, kuma duk shawarar da ta shafi kuɗi ko shugabanci a yanke ta a zaure, ba da ƙuri'ar WhatsApp da ba a san masu lambobin ba.

Muna kira ga Hukumar Tsaron Intanet ta Gana, wadda dokar 2020 ta kafa, da ta shiga Zango da wayar da kai cikin Hausa. Su kuma kamfanonin da ke cin kuɗin tallarmu, su ɗauki masu jin harshenmu, su biya su yadda ya kamata, domin wanda aka rufe wa shafi bisa zalunci ya sami ɗan Adam da zai saurare shi. Kakanninmu ba su taɓa ba baƙon da ba shi da maigida bashi ba. Bai kamata waya ta sa mu manta da wannan ba.