Kuskuren da na binne a hanyar garejinmu

Yau labarin wani kuskure nawa zan ba ku, wanda saura ƙiris ya yi ajalin autan gidanmu. A cikinsa za ku ga cewa darasin Fiziks ɗin nan da wasunku ke gyangyaɗi a lokacinsa, wata rana shi ne zai tsare ran wani.

Ina aji biyu na babbar sakandare Baba ya gina gareji a filin da ke bayan gidanmu, tazarar kamar mita 40 daga akwatin da ke rarraba wutar gidan. Ya ce a kai masa wuta, fitila ɗaya da soket. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, don na taɓa gyara fanka da dutsen guga. Na ce, “Baba, ba sai an kira kowa ba, ni zan yi.” Na sayo siririyar waya irin ta cikin ɗaki. Da ba ta kai ba, sai na haɗa biyu, na naɗe mahaɗar da salatif. Na ja rami da fartanya, zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, na kwantar da wayar na mayar da ƙasa. Fitila ta kama, aka yi ta sa mini albarka.

A damina ta biyu, wata safiya bayan ruwan dare, autanmu ya je ɗauko ƙwallonsa babu takalmi, ya dafa ƙofar ƙarfen garejin. Ihunsa kawai muka ji. Hannunsa ya manne, ya kasa saki. Allah ya sa Umma na kusa da babban makunnin gidan, ta kashe shi nan take. An kai shi asibiti, kuma alhamdu lillahi ya warke. Da aka tone, sai aka ga ɓera ya gwigwiye robar wayar daidai inda ta ratsa gindin ƙofar, mahaɗar salatif ɗin nan kuma ta jiƙe sharkaf. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Baba ya kira mai wayarin da ke da takardar shaidar aiki. Na zaci faɗa zai yi mini. Sai ya miƙo mini biro da takarda, ya ce, “Ɗan samari, kafin a taɓa diga, lissafi ake fara yi. Me da me za a kunna a garejin nan?”

Muka lissafa da Baba: injin tura ruwa wat 750, injin wanke mota wat 2,000, cajar batir wat 500, fitilu wat 200. Jimilla wat 3,450. Wutar gidajenmu a Najeriya bolt 230 ce. Kun san P = I × V, saboda haka idan aka raba 3,450 da 230, za a samu amfiya 15. Wannan shi ne kayan da wayar za ta ɗauka idan an kunna komai lokaci guda.

Daga nan sai Dokar Ohm, wadda Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827: V = I × R. Kowace waya tana da turjiya, wato R. Tsawonta na ƙara turjiyar, kaurinta na rage ta. Wuta kuwa zuwa take yi ta dawo, don haka mita 40 ɗinmu ta zama 80. Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da kaurin murabba'in milimita ɗaya tana da turjiyar kusan om 0.017. Sai ka ninka wannan da tsawo, ka raba da kauri.

Wayar da na binne mai lamba 1.5 ce. Turjiyarta ta kama om 0.91, wato za ta cinye bolt 13.6 a hanya, ta mayar da fiye da wat 200 zafi a cikin ƙasa. Mai lamba 2.5 za ta cinye bolt 8.2, mai lamba 4 kuma bolt 5.1. Ƙa'idojin wayarin na Ingila da ake kira BS 7671, waɗanda masu aikin wuta da dama ke bi a ƙasar nan, sun ba da shawarar kada asarar ta wuce kashi 3 cikin 100 a layin fitilu, wato bolt 6.9. Ka ga mai lamba 4 ce kaɗai ta tsallake. Ta fi tsada, amma araha ba ta ado.

Kauri kaɗai bai isa ba. Wayar cikin ɗaki ba a yi ta don zaman ƙasa ba, inda ɓera da gafiya da danshi da bakin fartanya ke jiranta. Abin da aka sayo shi ne kebul mai sulke, wanda aka naɗe wayoyin cikinsa da zaruruwan ƙarfe, sannan aka sake rufe shi da roba mai kauri. Ana haɗa sulken da wayar ƙasa, wato mai launin kore da rawaya. Idan diga ta sare kebul ɗin, ƙarfenta zai fara taɓa sulken kafin ya kai ga wayar wuta, sai wutar ta bi sulken, bireka ta faɗi.

Ni aka bar wa haƙan ramin, kwana biyu ina fama. Zurfinsa santimita 60, kusan ƙafa biyu ke nan. Muka tsince duwatsu masu kaifi, muka shimfiɗa yashi mai laushi, aka kwantar da kebul ɗin ba tare da an ɗame shi ba, aka sake zuba yashi a kai, aka jera bulo. Da aka mayar da rabin ƙasar, sai aka shimfiɗa leda mai launin rawaya ta gargaɗi, domin duk wanda ya zo haƙa nan gaba ya ci karo da ita kafin ya kai ga wuta. Inda mota ke takawa kuma, ta cikin bututun roba mai ƙwari aka zura shi. Babu mahaɗa ko ɗaya a cikin ƙasa: kebul ɗaya ne tun daga gida har gareji.

Kafin a rufe ramin, mai wayarin ya fito da na'urar gwaji da suke kira Megger. Tana tura bolt 500 a cikin kebul don a ga ko robarsa na yoyon wuta. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa shi ne om miliyan ɗaya. Ya kuma sa na ɗauki hoton ramin da wayar Baba, na zana taswirar hanyarsa, aka ajiye tare da takardun gida. Ya ce, “Abin da ka binne, ido ya daina ganinsa. Idan ba ka gyara shi yau ba, sai ranar da ya yi ɓarna za ka tuna da shi.”

Na tambaye shi, “Malam, me ya sa birekar gidanmu ba ta faɗi ba ranar da wuta ta kama ƙanena?” Ya ce in sake ɗaukar biro. Jikin mutum idan ya jiƙe, turjiyarsa kan sauko zuwa kusan om 1,000. Raba 230 da 1,000, ka samu amfiya 0.23. Bireka mai amfiya 20 ba ta ma san ana yi ba, domin aikinta kare waya daga ƙonewa ne. Amma ɗan Adam yana jin kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Daga wajen kashi 10 cikin dubu hannu kan kasa saki, idan kuma ta haura kashi 30 ta ɗan jima, bugun zuciya na iya rikicewa. Shi ya sa aka sa wata na'ura mai suna RCD a farkon layin, cikin gida. Ita tana auna wutar da ta tafi da wadda ta dawo. Da zarar bambancin ya kai kashi 30 cikin dubu na amfiya, alamar wuta na zurarewa ta wani wuri, sai ta katse layin cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A garejin ma an kafa ƙaramin akwatin bireka, an kuma haɗa ƙofar ƙarfen da wayar ƙasa.

Ban kawo muku wannan bayani don ku ɗauki diga ku maimaita abin da na yi ba. Aikin wuta na masu shaida ne, kuma akwai hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin duba ayyukan lantarki da tantance masu yin su. Na kawo shi ne domin ranar da za a ja wuta zuwa gareji ko shago ko rijiyar burtsatse a gidanku, ku iya tambaya cikin ladabi: wane irin kebul ne, kaurinsa nawa, zurfin ramin nawa, akwai RCD? Idan kuma kun san akwai siririyar waya da aka taɓa turbuɗewa a tsakar gidanku, ku faɗa wa Baba yau, kafin ruwa ya sauka.

Idan Allah ya kiyaye wuta ta kama wani a gabanku, kada ku taɓa shi da hannu. Ku kashe babban makunni. In ya yi nisa, ku tsaya a busasshen wuri ku raba shi da wutar da busasshiyar sanda, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Ga aikin gida: shago yana nesa da gida da mita 25, kayan cikinsa na jan wat 2,300, an yi amfani da waya mai lamba 2.5. Bolt nawa za ta cinye a hanya? Ku lissafa ku nuna wa malamin Fiziks ɗinku. Zan kawo amsar a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.