Filin Iyali: Kokon Ƙofar Gida Da Cikin Jariri

 

Kwanakin baya, a wani taron suna a nan Zango, wata ƙanwarmu ta kawo mana kukanta. Ɗanta ya cika wata takwas, yana shan koko safe, rana da dare, amma duk lokacin da ta kai shi awo a asibiti sai a ce mata nauyinsa bai motsa ba. Da muka nemi ganin kokon, sai ga shi tsararo, irin wanda ake saye a ƙofar gida, an zuba masa sukari. Cikin yaro yana cika, jikinsa kuwa yana nan da yunwa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun abincin jarirai a yau.

Mu fara da tushe. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara aya ta 233, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS da Faransanci, tun shekarar 2001 take ba da shawarar a shayar da nono zalla har wata 6, babu ruwa, babu jiƙo, sa'an nan a fara ƙarin abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu ko fiye. Dalili kuwa shi ne, daga wata 6 nono shi kaɗai ba ya ɗaukar buƙatar yaro, musamman sinadarin ƙarfen jini da aka haife shi da guzurinsa, wanda a lokacin yake fara ƙarewa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasar Benin na 2017 zuwa 2018 ya nuna cewa kashi 32 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Mafi yawan wannan illa tana samuwa ne kafin yaro ya cika shekara biyu.

Cikin jariri ƙarami ne, don haka kowane cokali sai ya zamo mai amfani. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗebi kunu a karkata cokalin. In ya zube kamar ruwa, ya yi tsinkewa. In ya tsaya yana sauka a hankali, ya yi daidai. Gasara zalla kuma ba ta wadatarwa. A gidajenmu akan soya gero ko masara awo uku, waken suya ko wake awo ɗaya, da ɗan gyaɗa, a niƙa su tare a ajiye a mazubi mai murfi. Lokacin damawa sai a ƙara garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai da aka murje, ko garin zogale, da ƙaramin cokali na manja. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari kasuwannin Kwatano.

Ga tsarin yini, mun ɗaura shi a kan lokutan salla domin sauƙin tunawa.

Daga wata 6 zuwa 8: abinci sau biyu zuwa uku a rana, a fara da babban cokali biyu ko uku, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi, kofin da ke cin mililita 250. Da hantsi kunu mai kauri. Bayan Azahar dankali ko kabewa da aka dafa aka murje da kifi. Bayan La'asar gwanda ko ayaba murjajjiya. Nono kuwa duk lokacin da ya nema, dare da rana.

Daga wata 9 zuwa 11: sau uku zuwa huɗu, rabin kofi kowane zama, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu. Da hantsi kunu; bayan Azahar tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta alayyafo, a ɗebi tasa kafin a zuba barkono; bayan La'asar mangwaro ko ɗan wagashi dafaffe; kafin Magariba faten wake da aka cire wa ƙwanso. A wannan lokaci a bar shi ya ɗauki abinci da hannunsa, ko da zai ɓata riga.

Daga shekara ɗaya zuwa biyu: yana cin abincin gida, kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa kofi guda, sau uku ko huɗu. Amma a ba shi kwanonsa daban. Yaron da aka haɗa tire ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharce kwanon.

Akwai abubuwan da ya wajaba mu yi hattara da su. Na farko, zuma. Mun san darajarta a wurinmu, amma likitoci sun tabbatar tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri, don haka a dakata har ya cika shekara. Na biyu, ɗura. Toshe hancin yaro a zuba masa kunu na iya kai kunun cikin huhu. A zauna da shi, a lallashe shi, in ya ƙi a sake gwadawa anjima. Na uku, shayi da lemon kwalba: shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfen jini, lemo kuwa sukari ne kawai. Na huɗu, gyaɗa guda-guda tana shaƙe yaro, sai an niƙa. Na biyar, hatsin da ya yi hunhuna. A shekarar 2002 masana suka wallafa binciken da suka yi a kan yara 480 a ƙauyukan Benin da Togo, suka samu gubar hunhunar masara da gyaɗa, wadda ake kira aflatoksin, a jinin kusan dukkansu. Ta fi yawa ga waɗanda aka yaye, kuma ta fi yawa ga tsumburarru. A ƙasa mai laima irin Kwatano, a tsince hatsi sarai, a zubar da duk ƙwayar da ta canja launi.

Tsabta ma ba a bar ta baya ba. A wanke hannu da sabulu, a yi amfani da kofi da cokali maimakon bulunboti, kuma kunun da ya wuce awa biyu a cikin zafin nan kada a mayar wa yaro shi.

Iyayenmu kakanni, da hannunku aka rene mu, kuma ba mu manta ba. Muna roƙonku ku zama masu goyon bayan surukanku a wannan tsari, domin maganarku ta fi tamu nauyi a cikin gida. Mu kuma maza, ayar da muka ambata a kan uba ta ɗora ciyarwa da tufatarwa. Kuɗin ƙwai ɗaya da ɗan kifi a kan cefanen yau da kullum ya fi sauƙi a kan kuɗin magani. Kuma a riƙa kai yaro awo kowane wata. In nauyi ya tsaya, ko zawo ya kama shi, a nemi ma'aikatan lafiya ba tare da jinkiri ba.

Ƙanwar tamu ta koma dama kunu mai kauri a gida, kuma mun yi alkawarin bibiyar awonta na gaba. Allah Ya raya mana zuri'a bisa lafiya da imani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum.